Sunan Ruwanda a Hannun Rigar Arsenal

Mai zuwa gidan kallon ƙwallo a Kano ko Maraɗi ya daɗe yana cin karo da sunan Ruwanda, ko ya lura ko bai lura ba. A 2018 aka manna rubutun Visit Rwanda a hannun rigar 'yan wasan Arsenal, yana gayyatar mai kallo ya kai ziyara. Jaridu sun ruwaito cewa yarjejeniyar farko ta kai fam miliyan 30 a shekara uku, kuma daga baya aka ƙulla irinta da Paris Saint-Germain a 2019, da Bayern Munich a 2023.

Kafin nan, da an ambaci Ruwanda abu ɗaya ke faɗo wa mutum a rai: kisan kiyashin 1994, inda aka hallaka kimanin mutum 800,000, akasarinsu 'yan Tutsi, cikin kwana 100. Wannan tabon ne gwamnatin Paul Kagame ta sa wa gaba, kuma daga cikin gida ta fara. A 2001 aka sauya tuta da taken ƙasa, jan launi ya fita daga tutar. A 2006 aka mayar da larduna 12 zuwa 5, manyan garuruwa suka samu sababbin sunaye, Butare ta zama Huye, Ruhengeri ta zama Musanze. An haramta leda a 2008. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata jama'a na fita aikin gayya da suke kira umuganda, ana share unguwa ana gyara magudanar ruwa.

Dabarar da ta fi jan hankali tana kan tsaunukan arewa, mazaunin gwaggon biri. A 2017 aka ninka kuɗin izinin ganinsu daga dala 750 zuwa 1,500, alhali a maƙwabciyarta Uganda ya fi araha nesa ba kusa ba. Da gangan aka yi haka. Ƙaramar ƙasa ce mai cunkoso, ba ta neman tururuwar baƙi, attajirai kaɗan take so waɗanda za su kashe kuɗi da yawa. Har bikin suna ake yi wa jariran birai tun 2005, ana gayyato fitattun mutane su raɗa musu suna a gaban kyamara.

Masu suka a Turai sun yi caa: ta yaya ƙasar da ke karɓar tallafi za ta riƙa biyan hamshaƙin kulob na Landan? Hukumomin Kigali, babban birnin ƙasar, suna amsawa da lissafi, suna cewa yawon buɗe ido ya kawo dala miliyan 620 a 2023, wato kwalliya ta biya kuɗin sabulu. A wannan gaɓar suna da gaskiya, domin abin da suke tallatawa yana nan a ƙasa, baƙo ya sauka ya tarar da titi tsaf. Najeriya ma ta gwada gyaran suna a 2009 ƙarƙashin minista Dora Akunyili, amma da yake taken ya riga aikin fitowa, bai yi nisan kwana ba.

Sai dai talla takan zaɓi abin da ido zai gani, kuma abin da aka ture gefe ba ƙarami ba ne. An ce Kagame ya ci zaɓen 2024 da sama da kashi 99 cikin 100, bayan an hana 'yar adawa Victoire Ingabire tsayawa. Paul Rusesabagina, wanda aka yi fim ɗin Hotel Rwanda a kansa, an yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 25 a 2021, sai a 2023 aka sallame shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake bayyana a hotunan koren tsaunuka, kuma bai kamata tsabtar Kigali ta mantar da kowa su ba.

Inda lamarin ya juya shi ne Janairun 2025, lokacin da 'yan tawayen M23 suka kama birnin Goma a gabashin Kwango. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce akwai dubban sojojin Ruwanda tare da su, zargin da Kigali ta daɗe tana musantawa. Ministar harkokin wajen Kwango, Thérèse Kayikwamba Wagner, ta rubuta wa kulob ɗin uku tana neman su yanke hulɗa, wasu magoya bayan Arsenal kuma suka fito da nasu gangamin. Idanun miliyoyin da aka saya da kuɗi domin su kalli birai sai ga su suna kallon sansanonin 'yan gudun hijira.

Bayern ta taƙaita yarjejeniyarta zuwa horar da matasa, Arsenal kuma ta sanar a Nuwamban 2025 cewa tata za ta ƙare a Yunin 2026. Kigali ba ta ja da baya ba. A cikin shekarar 2025 ɗin ta karɓi baƙuncin gasar tseren keke ta duniya, karo na farko a Afirka, ta kuma ƙulla sababbin yarjejeniyoyi da Atlético Madrid da kulob biyu na birnin Los Angeles a Amurka.