Alheri Danƙo Ne? Sharhi a Kan Yadda Muke Wa'azin Alherin Allah

Sa'ad da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Likita Walter Miller na CMS da abokan aikinsa suka daɗe suna yi, kalmar da aka zaɓa domin fassara "charis" ta Helenanci ita ce alheri. Zaɓin ya dace, gama tsohuwa a ƙauye da ɗalibin tauhidi duk sun san ta. Sai dai kalmar ta shigo ikkilisiya da kayanta na gida, kuma wajibi ne mai wa'azi ya kwance kayan nan ya duba.

Bahaushe ya ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ya kuma ce alheri gadon barci ne. Ma'anar duka biyu ita ce wanda ya yi, zai gani. Haka zaman jama'a yake a ƙasar Gwaram da Birnin Kudu: ka je gayyar maƙwabcinka domin ya zo taka, mace ta kai gudummawar biki tana sane da ranar da za a rama mata. Wannan tsari ne mai kyau, shi yake riƙe da talaka. Matsalar tana tasowa ne idan muka auna Allah da wannan mudu.

Saurari wa'azin da ke yawo a wayoyin matasanmu, wanda wasu masu bishara suka fara kwaikwayo. Ana cewa ka shuka iri a baiko, Allah zai ninka maka. A nan alherin Allah ya koma adashi, wanda ya zuba shi ke kwasa. Yanzu ka ɗauki manomi a yankin Kwandiko, mai aminci wajen fitar da zakka, wanda ruwa ya cinye gerosa kamar yadda ya faru da manoma da yawa a ambaliyar Jigawa ta 2022, ko wanda kuɗin motar kai matarsa asibiti a Birnin Kudu ya gagare shi tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023. Bisa lissafin wannan wa'azi, amsa biyu ce ta rage masa: ko bangaskiyarsa ta kasa, ko Allah ya ci amanarsa. Inda Kirista suke 'yan kaɗan, kowace daga cikin biyun tana iya raba mutum da ikkilisiya.

Manzo Bulus bai bar mu da wannan lissafi ba. A 2 Korantiyawa 12:7-10 ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke damunsa. Ba a cire ba. Abin da aka ba shi shi ne tabbacin cewa alherin Almasihu zai riƙe shi cikin rauninsa. Ba wanda zai ce Bulus ya gaza a hidima ko a addu'a. Saboda haka wahalar mai bi ba ma'aunin bangaskiyarsa ba ce.

Akwai kuskure na biyu, kuma ya fi yawa a cikinmu masu ƙin wa'azin wadata. Mukan ce wa mai wahala, "Sai haƙuri, alherin Allah yana nan," mu yi addu'a, mu kama hanya. Alheri ya zama kalmar sallama. Dietrich Bonhoeffer, fasto ɗan Jamus da gwamnatin Hitler ta kashe a 1945, ya yi kashedi tun 1937 a kan alheri mai araha, wanda ba ya neman kome daga wurin almajiri. Masanin Sabon Alkawari John Barclay, a littafinsa na 2015 a kan Bulus da kyauta, ya nuna cewa abin da ya bambanta kyautar Allah shi ne ana ba da ita ba tare da duban cancantar mai karɓa ba, duk da haka tana ƙulla zumunci, tana kuma jiran amsa.

A nan ne kalmarmu ta Hausa take da ƙarfi. A 2 Korantiyawa sura 8 da 9 "charis" ta fito sau 10, kuma maganar surorin ita ce gudummawar da ikkilisiyoyi suka tara, har da matalautan Makidoniya, domin tsarkaka a Urushalima. Bulus ya kira kyautar Allah da tara kuɗin da suna ɗaya. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane haka, gama a wurinsa alheri abu ne da ake gani a ƙwarya. Gyaran da bishara ta kawo shi ne na tsari: Allah ne ya fara, ga waɗanda ba za su iya ramawa ba, mu kuma muna miƙa wa na kusa da mu ba da jiran ramuwa ba.

Saboda haka, fasto, ka riƙe kalmar, ka koyar da ita sosai. Kada ka yi wa jama'a alkawarin da Nassi bai yi ba. In kaka ta yi, ka zauna da dattawa da zumuntar mata a ware hatsin da zai jira watan Agusta, lokacin da rumbunan gwauraye suke ƙarewa. Wanda ya ji alherin Allah a wa'azin Lahadi ya kamata ya gan shi a ƙofar gidansa ran Litinin.

Domin tattaunawa: A ikkilisiyarku, wa ya daina zuwa sujada bayan wata masifa, me kuma aka faɗa masa? Yaya za ka koyar da baiko ba tare da ka mai da shi ciniki ba?