Gara manhaja ta ƙi da ta yi kintace

Duk abin da mutum ya cika a fom na intanet, ko da kuɗi ne, a matsayin rubutu yake isa wurin manhaja. Idan mai saye ya sa 1500 a gurbin farashi, abin da JavaScript ta karɓa haruffa huɗu ne a jere. Ka ce ta ƙara 200 na kuɗin kai kaya, sai ta ba ka 1500200, don alamar tarawa a wannan yare aiki biyu take yi: tana lissafi, tana kuma manna rubutu da rubutu. In kuwa ka ce ta cire 200, sai ta ba ka 1300 daidai, don a nan ta yanke da kanta cewa lamba kake nufi. A duka biyun ba za ta ce uffan ba.

Da niyyar sauƙaƙawa aka yi hakan. Lokacin da Brendan Eich ya ƙirƙiro yaren a kamfanin Netscape a 1995, ana so ne wanda ba ƙwararre ba ma ya iya ɗan motsa shafinsa ba tare da an dame shi da ƙa'idoji ba. Amma yau da yaruka irinsa ake tura kuɗi da ajiye bayanan marasa lafiya, kuma masu kula da su sun fara ɗaure abin da aka saki. Microsoft ya fito da TypeScript a 2012, wadda takan tsayar da kai tun kafin manhaja ta fara aiki idan ka miƙa rubutu inda aka ce lamba ake jira. PHP 8, da ta fito a 2020, ta daina ɗaukar sifili da kalma irin "abc" a matsayin abu ɗaya, bayan shekaru tana cewa daidai suke. Python kuwa dama can ba ta yarda: ka tara "5" da 3, ta tsaya cik sai ka faɗi abin da kake nufi.

Ina goyon bayan wannan tsanani ɗari bisa ɗari. Na san masu koyo kan gaji da rubuta int() da Number() a ko'ina don juya rubutu zuwa lamba, amma kuskuren da ya bayyana a gabanka minti biyu yake ci, wanda ya wuce shiru kuwa sai ranar da lissafin shago ya ƙi haɗuwa ake jin ɗuriyarsa.

Sai dai juyawa da hannu ma tana da nata tarko. Ka ba parseInt ta JavaScript rubutun "1,500", za ta karanta har zuwa waƙafi ta tsaya, ta dawo maka da 1. Naira dubu ɗaya da ɗari biyar ta koma naira ɗaya. Number() kuma, in aka bar gurbi babu komai, sifili take bayarwa, kamar mai saye ya ce kyauta ne. Dole mai rubutu ya duba abin da ya shigo kafin ya juya shi.

Abin da ya fi damuna shi ne juya abin da ba lamba ba ne tun asali. Lambar waya a Nijeriya da sifili take farawa, haka ma lambobin asusun banki da yawa masu alƙaluma 10. Da ka mai da su lamba, sifilin ya faɗi, lambar asusun ta koma alƙaluma 9, kuma kuɗin wani ya rasa inda zai shiga. Ba wanda zai taɓa tara lambar wayarsa da ta ƙaninsa, don haka rubutu ya kamata a bar ta tun daga fom har rumbun bayanai. Twitter ma ya ci karo da irin wannan a 2010: lambobin saƙonninsa sun kusa zarce 9007199254740991, iyakar da JavaScript ke iya riƙewa ba kuskure, inda alƙaluman ƙarshe za su fara sauyawa, sai kamfanin ya ƙara gurbin id_str yana aika kowace lamba a rubuce.