Kafin ka ɗaga kyamara a Legas, fara da sallama

Ya zama al'ada a makarantun da ake koyar da ɗaukar hoto, idan zangon karatu ya yi nisa, malami ya kwashi ɗalibansa a bas ya kai su babban birni su gwada hannu. Sau da yawa Legas ake nufa, domin can ne ake samun teku da gadoji da kasuwanni da cunkoson jama'a wuri guda. Ina goyon bayan irin wannan tafiya ɗari bisa ɗari. Ba a sanin haske da inuwa a gaban allo, sai an fita an ga yadda hasken yamma ke sauka a kan rufin kwano da fuskar mutum. Abin da ke damuna shi ne irin hotunan da ake dawowa da su.

Duk mai bin shafukan matasan masu ɗaukar hoto a Instagram ya san su. Ga rawayar motar haya ta danfo a cunkoso, ga gidajen katakon Makoko da aka hango daga gadar Third Mainland, ga yaro ba riga cikin kwalekwale, ga mabaraci a bakin titi, an mayar da hoton baƙi da fari don ya ƙara ban tausayi. Ɗalibai daban-daban, amma ido ɗaya. Babu suna, babu labari, kuma da ganin hoton ka san daga nesa aka jawo shi, mai shi bai ma san an ɗauke shi ba.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. A zamanin fim, naɗi ɗaya hoto 36 yake ɗauka, ga kuɗin wanki, don haka sai mutum ya yi tunani kafin ya danna. Yanzu ɗalibi zai danna ɗaruruwa kafin azahar bai kashe ko kwabo ba. Sannan tsarin tafiyar kanta gaggawa ne: awa ɗaya a kasuwar Balogun, awa ɗaya a Oshodi, a leƙa Makoko, a koma mota. Wanda aka ba awa ɗaya ba zai ga komai ba sai abin da ya riga ya gani a wayarsa, shi zai je ya kwafo.

Amma mutanen da ke cikin hotunan nan ba kayan ado ba ne. Makoko gari ne na masunta, da yawansu 'yan ƙabilar Egun ne, sun gaji zaman ruwa kaka da kakanni, suna da makarantu da wuraren ibada da shugabanni. A 2012 gwamnatin jihar Legas ta rushe wani ɓangare na unguwar bayan gajeren wa'adi. A ganina, duk hoton da ya nuna wurin a matsayin juji kawai yana ƙara wa masu son a tashe su hujja, ko da ɗalibin bai yi nufin haka ba.

Mu 'yan Arewa mun fi kowa sanin zafin wannan. Mun ga yadda baƙi ke shigowa Kano da kyamara su fita da abu biyu: almajiri da kwanonsa, sai dawakin hawan Sallah. Kamar babu marinan Ƙofar Mata, babu dukawa da maƙera a Kurmi, babu likita, babu malamar makaranta. Ganin yadda aka mayar da Borno labarin bam da gawa kaɗai ne ya sa Fati Abubakar ta fara aikinta na Bits of Borno a 2015, tana ɗaukar ɗalibai da 'yan kasuwa da masu biki a Maiduguri. Wanda ya ji ciwon a taƙaita garinsu bai kamata ya je ya taƙaita na wasu ba.

Manyan wannan sana'a a Afirka ba da satar hoto suka yi suna ba. J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a Legas a 2014, ya fara ɗaukar kitson matan Nijeriya a 1968, ya yi shekaru yana kai har ya tara hotuna kusan 1,000. Abu ɗaya ya riƙe, ya yi haƙuri da shi. Malick Sidibé na Bamako kuwa matasan garin ne ke gayyatarsa wuraren rawarsu, su zo shagonsa da kwalliya su tsaya yadda suke so a gan su. A 2007 aka ba shi kyautar Zakin Zinariya a baje kolin fasaha na Venice. Ƙarfin hotunansa daga amincin da ke tsakaninsa da mutanensa ya fito.

Wasu za su ce neman izini yana kashe hoto, domin da zarar mutum ya san ana ɗaukarsa sai ya gyara tsayuwa. Haka ne, amma a mintunan farko kawai. Ka zauna a rumfar mai albasa daga safe zuwa la'asar, zai manta da kai ya koma cinikinsa, a nan ne za ka sami hoton da mai wucewa ba zai taɓa samu ba. Ɗan jaridar da ke gaban gobara ko tarzoma yana da uzurin gaggawa. Ɗalibin da ya zo koyo ba shi da wannan uzuri.

Don haka shawarata ga malamai ita ce a rage yawo, a ƙara zama. A ba kowane ɗalibi wuri ɗaya har ƙarshen tafiya. Ɗan Arewa ma yana da ƙofar da wasu ba su da ita: a kasuwar Mile 12, inda motocin tumatir da tattasai da albasa ke sauke kaya daga Arewa, da Hausa zai yi magana, haka ma a Agege, inda Hausawa suka daɗe da zama tun zamanin fataucin goro. Ya fara da shugabannin kasuwa, ya gaishe su, ya faɗi makarantarsa da abin da ya kawo shi. "Sannu da aiki, Baba, ko za ka ba ni izini in ɗauke ka hoto?" Idan aka ce a'a, ya yi godiya ya wuce. Yaro ƙarami kuwa, sai da yardar iyayensa ko malaminsa. Ya nuna wa mutum hoton, ya tura masa ta WhatsApp ko ya wanke ya ba shi.

A wajen ba da maki ma a sa wannan a lissafi. Malami ya tambayi ɗalibi: wane ne wannan, mene ne sana'arsa, ya san hotonsa zai hau intanet? Idan babu amsa, aikin bai cika ba, komai kyan haskensa.

Ku kuma ɗalibai, ku je Legas, ku je Kano, ku je Yamai, ku buɗe ido ku koyi aiki. Amma ku tuna cewa fuskar mutum amana ce a hannun mai kyamara. Ku yi sallama, ku nemi izini, sannan ku ɗauka.