Mulkin Bishop-Bishop: Tsakanin Silsila da Iko

Malaman tauhidin Kirista suna da wata kalma, episkopasi, wadda suke nufin tsarin da bishop-bishop ke riƙe da ragamar ikilisiya, kowanne da yankinsa, limamai da dikanoni suna ƙarƙashinsa. Asalinta daga Girkanci ne, episkopos, ma'ana mai sa ido ko mai kula, kuma daga nan Larabawa suka sami usƙuf, laƙabin da masu karatun sira za su tuna da shi a labarin wakilan Najran da suka zo Madina. Amma wanda ya ɗauka kalmar tana nuni ga tsarin gudanarwa kawai, ba zai gane dalilin da ya sa aka yi ƙarnoni ana jayayya a kanta, har aka zubar da jini ba.

Abin da ke cikinta da'awa ce game da silsila. Masu wannan ra'ayi suna cewa babu mai zama bishop sai wanda bishop-bishop suka ɗora wa hannu, su ma waɗanda suka gabace su suka ɗora musu, haka nan har a kai ga manzannin Almasihu. Ignatiyus na Antakiya, a wasiƙun da ya rubuta a farkon ƙarni na 2 yana kan hanyar Rum inda aka kashe shi, ya yi ta nanata wa jama'a kada su aikata wani al'amari na ikilisiya ba da sanin bishop ba. Wajen shekarar 180 kuma, Irenayus na Liyon ya jera sunayen bishop-bishop na Rum ɗaya bayan ɗaya, domin ya kafa hujja a kan masu riya cewa suna da wani ilmi na asiri, wanda babu mai sanin daga wurin wa suka karɓo shi. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya ji yadda ake bin isnadi, ba zai sha wahalar fahimtar wannan hujja ba. Majalisar Nikiya ta shekarar 325 ta ƙara ƙulle abin, da ta shar'anta cewa aƙalla bishop uku ne za su halarci naɗin sabo.

Saɓanin ya taso ne daga nassi. A wasu wurare na Sabon Alkawari ana kiran mutane ɗaya da suna biyu, dattawa da masu kula, har Jerom, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya tafi a kan cewa da farko muƙamin ɗaya ne, al'ada ce ta fifita ɗaya a kan 'yan uwansa don gudun rarrabuwa. A kan wannan Furesbiteriyawa suka gina mulkin majalisar dattawa. Tambayar da ta raba Kirista, in muka aro harshen fuƙaha'u, ita ce ko bishop sharaɗin inganci ne, wanda in babu shi babu ikilisiya, ko kuwa sharaɗin kamala ne kawai. Katolika da Otodoks suna kan na farko, Angilikan kuwa har yau ana samun ra'ayoyin biyu a tsakaninsu.

A ganina, inda kalmar ta fi shan wahala shi ne inda sarakuna suka shiga cikinta. Sarki Jems na Ingila ya faɗa a fili, a taron Hampton Court na 1604, cewa in aka kawar da bishop, sarki ma ya tafi, domin shi ke zaɓen bishop, majalisar dattawa kuwa ba ta jiran izininsa. Da ɗansa Charles ya nemi tilasta wa mutanen Sikotlan littafin addu'a irin na Ingila, sai suka yi mubaya'a a tsakaninsu a 1638, babban taronsu na Gilasgo ya soke muƙamin bishop, aka gwabza yaƙe-yaƙen da ake kira Yaƙin Bishop-Bishop a 1639 da 1640. A bakin waɗannan mutane kalmar ta koma nufin danniya, ko da yake silsilar da Irenayus ya yi magana a kanta ba ta san fada ba, don a zamaninsa sarakunan Rum farautar bishop suke yi.

Tarihi da kansa ya raba silsila da iko. Bayan Amurka ta sami 'yancin kai, wani limami na can, Samuel Seabury, ya je Landan neman naɗin bishop, aka kasa yi masa saboda doka ta wajabta rantsuwar biyayya ga sarkin Ingila. Sai ya nufi Abadin, inda bishop uku na Sikotlan, waɗanda hukuma ta raba magabatansu da kujerunsu tun 1689, ba su da fada ba su da dukiya, suka ɗora masa hannu a ranar 14 ga Nuwamba, 1784. Silsilar ta haye teku ba tare da sarki ba.

Kishiyar wannan ta faru a bakin Kogin Kwara, kuma ita ce ta fi taɓa mini zuciya. Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kama bawa yana yaro aka kuma 'yanta shi, an naɗa shi bishop a babbar majami'ar Kantabari a 1864, naɗin da babu wanda ya iya sukar ingancinsa a cikin Angilikan. Duk da haka a 1890 wasu samarin mishan Turawa, waɗanda ya isa ya haife su, suka dakatar da limaman da ke ƙarƙashinsa a gaban idonsa, suka bar shi da laƙabi da tufafin muƙami. Ya rasu a Legas a ƙarshen 1891, aka kuma ba Bature kujerarsa.