Jinjina ga Mai Gyaran Amfilifaya

Mai gyaran rediyo a ƙasar Rano da Kibiya, wanda mutanen garuruwa irin su Zinyau suke kai wa amfilifaya, wato na'urar ƙara wa lasifika ƙarfin murya, ya cancanci yabo, musamman idan tsohuwa ce mai bawul, kwalaben gilashin da suka riga taransista ta 1947, kuma wani ya riga ya jagwalgwala cikinta. Kafin ya sa hannu sai ya sauke wutar da kafasita ta tara, domin takan riƙe ɗaruruwan volt ko an zare filogi. Sannan ya kasa kunne ga gurnaninta, yana dungurar wayoyi da tsinken itace, har ya gano inda dalma ba ta kama ba, galibi kuwa a sabon aikin da mai jagwalgwalon ya yi ne.