Wasan R.U.R. da Matsayinsa a Manhajar Hausa

Mun nazarci wasan kwaikwayon R.U.R. na Karel Capek, wanda aka buga a 1920, da fatan samun abin fassarawa ga 'ya'yan Hausawa mazauna Fatakwal da Anacha da Inugu. Haƙarmu ba ta cim ma ruwa ba.

Gaskiya ne daga wannan wasa kalmar "robot" ta bazu a duniya, kuma tushenta aikin tilas ne a harshen Cek. Sai dai marubucin ya ƙago bayin masana'anta masu tsoka, ba na ƙarfe ba, sannan ya taƙaita bakinsu. Shugabannin kamfani ne ke ta zuba dogon jawabi. Tawayen kuwa, wanda shi ne ƙashin bayan wasan, galibinsa labarinsa ake ji. Hatta Helena, wadda ta ƙone takardun sirrin ƙirar, dalilinta bai gamsar da mu ba.

Yaron da Turancin Buroka da Ibo suka raunana Hausarsa labari mai gudana yake bukata. Shawararmu ita ce a ba ƙananan azuzuwan sakandare Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, a bar R.U.R. ga kwalejojin horar da malamai domin muhawara.