Atishawar Turbo: Ƙara Ake Saye, Ba Ƙarfi Ba

A Amurka motar a-kori-kura abin ado ce kamar yadda take abin aiki. Tun 1977 jerin F-Series na kamfanin Ford ke kan gaba a cinikin irin waɗannan motoci, kuma shekara da shekaru alfaharin mai ita bai wuce babban inji mai silinda takwas da rurin salansa ba. Sai a 2011 Ford ya saka wa F-150 injin EcoBoost, lita 3.5, silinda shida, turbo biyu, ƙarfin doki 365. Masu tsohon ra'ayi suka yi ta yatsina fuska, amma kasuwa ta karɓa. Chevrolet ya bi sahu a 2019 da inji mai silinda huɗu a Silverado, Toyota kuma ya raba Tundra da silinda takwas a 2022.

Ƙarfi ya samu, ruri ya tafi. Daga nan masu motocin suka shiga neman wata ƙarar da za ta maye gurbinta, suka kuwa same ta a wani ɗan bawul da bai kai dunƙulen hannu ba.

Aikinsa mai sauƙin ganewa ne. Hayaƙin salansa ke juya farfelar turbo, fiye da juyi 100,000 a minti, ita kuma tana cusa iska cikin inji da matsi. Da direba ya ɗaga ƙafa daga totur, ƙofar shigar iska ta rufe, alhali farfela ba ta daina gudu ba. Iskar da ta taru a bututu ta rasa mafita, sai ta juyo ta daki farfelar da ta turo ta. Bawul ɗin karkatar da iska shi ke buɗewa a wannan ƙiftawar ido, ya zagaya da iskar ta wani tiyo zuwa bakin turbo, shiru, ba wanda ya ji. Akwai ɗan uwansa da ba ya zagayawa da ita, waje yake fesar da ita, ka ji "fiiishhh" kamar motar ta yi atishawa.

Atishawar nan ita ce hajar. Asalinta ba na a-kori-kura ba ne, na ƙananan motocin tseren Japan ne irin su Supra da Skyline, waɗanda fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 ya yayata wa matasan duniya. A can tana da ma'ana, domin giyar hannu ce: kowane canjin giya sai an saki totur, kowane saki sai an ji ƙarar. F-150 kuwa mai canja giya da kanta ce, ba ta buƙatar a ɗaga ƙafa. Shi ya sa za ka ga ƙato a bakin danja yana taka totur yana saki, ba don komai ba sai don na gefensa ya waiwayo.

Ba laifi ba ne mutum ya so ƙara. Laifin yana wajen kiran abin "ƙarin ƙarfi". Muddin ƙafa na kan totur, bawul ɗin a rufe yake ruf, ba ya taɓuka komai. Wanda ke rufe da kyau, na roba ne ko na alminiyam mai ƙyalli, iskar da zai riƙe ɗaya ce. Yawan matsin kuwa kwamfutar mota ke yanke shi, tare da wata ƙofa dabam a ɓangaren hayaƙi. Saboda haka wanda ya cire lafiyayyen bawul na kamfani ya ɗora na dala 200 ko fiye, bai ƙara wa injinsa doki ko ɗaya ba.

To, masu rantsuwa cewa motarsu ta canja fa? Da yawansu gaskiya suke faɗa, sai dai ba su gane abin da ya faru ba. Tsohon bawul ɗinsu yoyo yake yi. Masu Volkswagen da Audi masu injin turbo lita 2.0 sun sha wannan: fatar robar da ke ciki takan yage, iska ta riƙa zurarewa, mota ta yi sanyi, na'urar bincike ta nuna lambar P0299, wato matsi bai kai ba. Har kamfanin ya sauya fasali ya koma mai fistin. Wanda ya toshe irin wannan yoyo dole ya ji bambanci, amma ƙarfinsa da ya ɓata ne ya dawo, kuma sabon na kamfani ma zai dawo masa da shi.

Inda canjin ke biyan kuɗin sabulu shi ne motar da aka taɓa kwamfutarta aka ɗaga matsi sama da yadda aka ƙera ta. Nan roba da ɗan sifirin na asali suna iya gazawa. Kamfanoni irin su Turbosmart da GFB na Ostareliya da Forge Motorsport na Ingila sun san wannan kasuwa. Dabarar GFB a samfurinsa DV+ ta fi burgewa: a bar ɓangaren lantarki na kamfani yadda yake, kwamfuta ta ci gaba da ba da umarni, kayan ciki kawai ake mayarwa na ƙarfe. Ba ya ihu, shi ya sa ba a cika ɗaukarsa bidiyo ba.

Masu F-150 sun yi sa'a ta fuska guda. Motoci da yawa suna auna iska tun a bakin shiga, kwamfuta ta zuba fetur daidai da ita. In aka fesar da iskar waje, fetur ya yi yawa, inji ya yi gargada, wani lokaci ya mutu a tsaye. EcoBoost na F-150 matsi yake aunawa, don haka yana jure fesarwar. Wasu ma ba sa sayen komai: su zare tiyon zagayawa, su toshe bakinsa da murfin roba, atishawa ta samu kyauta. Abin da ba a faɗa a bidiyo shi ne tururin mai da ke fita tare da iskar ya lafe a jikin inji ya kama ƙura, da kuma yadda ƙarar ke gundurar mai jan tirela a hawa da gangara na sa'o'i.

Mafi muni shi ne masu ɗaure sifirin tamau, ko su toshe bawul gaba ɗaya, don su ji "tu-tu-tu-tu". Wannan karkarwa ita ce ainihin dukan da aka ƙirƙiro bawul ɗin don hanawa. Ga batun garanti: a Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke shi don kawai an sa kayan waje, amma in kayan ne suka jawo lalacewar, gyara na aljihun mai mota ne. A Kalifoniya kuma kayan da suka taɓa tsarin hayaƙi sai da amincewar hukumar kula da tsaftar iska ta jihar, wato CARB.

Abin ya fi ban dariya a motocin dizal. Injin dizal da yawan mai ake sarrafa shi, ba ya datse iska kamar na fetur in an saki totur, amma duk da haka ana sayar masa da na'urar atishawa, ana kuma saye.

Waɗannan motoci suna isowa nan a gwanjo ta Legas da Kwatano, wasu da tarkacen tsohon mai su a jiki. Mai saye ya sa bakanike ya leƙa: tiyon zagayawa yana nan ko an zare? In motar ta yi sanyi, a hura wa bututun iska, a yayyafa ruwan sabulu a ga inda kumfa ke tashi, tun kafin a ce turbo ya mutu a yanka masa kuɗin sabo.